Yadda za ka gane kuku mai ɗige-ɗige, tsuntsun da hankaka ke raino

Ranar da na fara ganinsa ba shi na fita nema ba. Hayaniyar hankaki ce ta tsayar da ni a gindin wata doguwar bishiya da hantsi. Ina ɗaga kai sai ga hankaka ya sauka kan reshe da abinci a baki, wani ɗan tsuntsu ya taso masa yana karkaɗa fuka-fuki, baki a wangale, yana ƙara kamar zai fasa kunne. Hankakan ya ɗura masa abin da ya kawo, ya tashi ya tafi neman ƙari. To amma ɗan nan ko kusa bai yi kama da hankaka ba. Siriri ne mai doguwar wutsiya, kansa baƙi wuluk kamar an kifa masa hula, wuyansa rawaya-rawaya, bayansa kuwa duk ɗige-ɗigen fari. Da ya buɗe fiffike sai na hango ja-ja irin na jar ƙasa. Na fi rabin sa'a a tsaye ban motsa ba. A ranar ne kirarin nan da muka taso muna ji, "hankaka mai da ɗan wani naka", ya tashi daga magana ya zama abin da idona ya gani.

Yadda aka saba fahimtar kirarin shi ne hankaka ɓarawon 'ya'ya ne, yana ɗauko na wasu ya mai da su nasa. Abin da ke kan reshen nan ya nuna mini akasin haka. Hankaka bai saci ɗan kowa ba, kawo masa aka yi har gida bai sani ba. Mai wannan aiki shi ne tsuntsun da masana ke kira Clamator glandarius, wanda masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fara bayyanawa a rubuce a 1758. Clamator a harshen Latin na nufin mai ihu, kuma duk wanda ya taɓa jin muryarsa ya san sunan ya dace da mai shi. Danginsa su ne dangin kuku, waɗanda suka haura iri 140 a duniya, ragon maza ma ɗan gidan ne. Ni kuku mai ɗige-ɗige nake ce masa, haka kuma zan ci gaba da kiransa a nan.

Fara da siffa kafin launi

Tsuntsu ba kasafai yake ba ka damar ƙare masa kallo ba. Ko dai ya gifta da sauri, ko ya zauna tsakaninka da rana ka ga baƙin abu kawai. Shi ya sa nake so ka fara riƙe siffar jikinsa. Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya santimita 35 zuwa 40 ne, amma kusan rabin wannan duk wutsiya ce. Gangar jikin siririya ce, ba ta kai ta hasbiya kauri ba. Wutsiyar kuma ba a yanke take daidai ba. Gashin tsakiya ya fi tsawo, na gefe suna raguwa hawa-hawa, kowanne da fari a bakinsa. In ya baza ta zai sauka, za ka ga fararen sun jeru kamar matakala.

Zamansa ma alama ce. Yakan saki fuka-fukansa su ɗan zubo ƙasa da jiki kamar wanda ya sha tafiya, wani lokaci ya ɗaga wutsiya sama. Yana son tsinin reshe, saman shinge ko waya, inda zai hango fili. Ba ya kuma ƙyamar sauka ƙasa. Za ka same shi yana tsalle-tsalle cikin gajeriyar ciyawa, wutsiya a ɗage, yana tsintar abinci. In ya tashi, miƙewa yake yi sak, ba ya yin sama sosai, yana bugun fiffike da sauri-sauri. Wannan kaɗai ya isa ya raba maka shi da cilakowa tun daga nesa, domin ita takan kaɗa fiffike ta yi sama, ta saki jiki ta yi ƙasa, ta sake yin sama. In ka yi sa'a ya zauna kusa, dubi ƙafarsa: yatsu biyu gaba, biyu baya, irin na aku. Duk dangin kuku haka suke.

Sai ka zagaya har rana ta koma bayanka, sannan ka nemi abu uku. Na farko ɗige-ɗigen. Bayansa da fuka-fukansa ruwan toka ne mai duhu da ya ɗan sirka da ruwan ƙasa, an yayyafa masa fari a bakin kowane gashi. Ba ƙanana ba ne cunkus irin zanen zabuwa, sun fi girma kuma sun fi tazara, a kan fiffike har suna jeruwa layi-layi. Na biyu tukku. Babban yana da tukku ruwan toka mai haske, kamar furfura, wanda ke kwance ya nufi ƙeya. Kada ka ce dole sai ka gan shi a miƙe, domin sau da yawa a kwance yake, sai dai ka ga ƙeyar ta yi tsini. Fuskar ta fi tukkun duhu, idon kuma da ɗan zobe ja-ja kewaye da shi. Na uku, wanda ni na fi dogara da shi, shi ne wuya da ƙirji. Ruwan madara ne da ya ɗan yi rawaya, ya gangara ya zama fari a ciki, babu zane ko ɗaya, ba na tsaye ba na kwance. Hasken wuyan yana hawowa gefe har kusan ƙeya, kamar an naɗa masa ƙyalle. Baki baƙi-baƙi ne, ya ɗan lanƙwasa ƙasa. Mace da namiji kamarsu ɗaya, kada ka wahalar da kanka wajen raba su da ido.

Yaron kuwa daban yake, kuma shi ne ke rikita mutane. Maimakon tukku mai furfura, kansa baƙi ne, tukkun ɗan guntu. Wuyansa ya fi na babba rawaya. Manyan gashin fiffikensa kuma ja-ja ne, abin da babba ba shi da shi. Na taɓa ganin wani ya gifta cikin ƙaya, baƙin kai da jan fiffike, na rubuta ragon maza a littafina. Sai da ya fito ya zauna a sarari na ga ɗige-ɗigen, na soke. Bambancin shi ne ragon maza ƙato ne mai nauyin jiki, bayansa da fiffikensa gaba ɗaya ja ne ba ɗigo, wutsiyarsa baƙa mai faɗi ba fari a baki, kuma rarrafe yake yi cikin duhuwa, tashi ma da ƙyar. Shi yana gina sheƙarsa ya raini 'ya'yansa da kansa, ba ya kuma ƙaura.

Murya

Kada sunan ya ruɗe ka, wannan ba ya cewa "ku-ku". Mai faɗin haka wani ɗan'uwansa ne na Turai, daga kukansa ne ma dangin suka samo suna. Namu ihu yake yi mai kaushi, a jere da sauri, wani abu kamar "kiyak-kiyak-kiyak-kirrr-kirrr", yana farawa da ƙarfi ya ƙare da karkarwa. A lokacin haihuwa ba ya rufe baki, yana yi a zaune yana yi a sama. Bayan lokacin ya wuce sai ya yi tsit, ka wuce ta gindin bishiyar da yake ba ka sani ba. Rubuta kukan tsuntsu da haruffa dai kwatance ne kawai. Ka shiga shafin xeno-canto a intanet, ka rubuta sunan nan na Latin, ka saurara sau uku ko huɗu kafin ka fita. Kunne ya fi ido saurin kama shi.

Waɗanda za su iya ruɗa ka

'Yan ɗakinsu biyu ne suka fi kusa da shi, dukansu masu tukku da doguwar wutsiya. Clamator levaillantii kusan girmansu ɗaya, amma bayansa baƙi ne mai sheƙi ba ɗige-ɗige, tukkunsa baƙi, da ɗan farin tabo guda a fiffike, wuyansa da ƙirjinsa kuwa cike da baƙin zane na tsaye. Clamator jacobinus ya ɗan fi ƙanƙanta, baƙi a sama, fari tas a ƙasa, shi ma da farin tabon fiffike. Ka ga ke nan in bayan tsuntsu baƙi ne sumul, ba namu ba ne.

Kukun Turai, Cuculus canorus, da takwaransa na Afirka, Cuculus gularis, ba su da tukku ko kaɗan. Ruwan toka ne a sama, cikinsu da zane na kwance siri-siri, in suna tashi sai ka rantse ƙaramin shaho ne. Akwai kuma kulkulu, tsuntsun nan mai toka-toka da ke ƙyaƙyata dariya a saman itatuwa. Yana da doguwar wutsiya da tukku a ƙeya, amma ya fi girma nesa ba kusa ba, bakinsa gajere ne mai kauri kuma rawaya, cikinsa da zane. Da zarar ka ga rawayan baki, magana ta ƙare.

Inda yake zama da yadda yake ƙaura

Ba tsuntsun ƙungurmin daji ba ne. A kurmin Kwango, inda itatuwa suka haɗe rana ba ta taɓa ƙasa, ba mazauninsa ba ne, haka ma tsakiyar hamada, sai dai ya ratsa ta a kan hanya. Abin da yake so shi ne daji mai sarari, itatuwa jefi-jefi da fili a tsakaninsu. A Afirka dajin ƙaya ne, inda ake samun bagaruwa da farar ƙaya da gawo, da bakin gonaki masu manyan itatuwa, har da gefen gari. A ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum kuwa gonakin zaitun ne da na almon, da tsaunuka masu itatuwan fayin, wato masu ganye kamar allura, a warwatse. Siffar wurin dai ɗaya ce ko'ina: reshen da zai zauna ya hanga, da ƙasar da zai sauka ya ci.

Abincin ne ke bayyana wannan zaɓi. Babban abincinsa gizaka ce, tsutsar nan mai gashi da yawancin tsuntsaye ke gudu saboda ƙaiƙayi. Shi yakan kama ta ya bubbuga a reshe ko a ƙasa sannan ya haɗiye. A Sifaniya yana cin wata irin gizaka da ke addabar itatuwan fayin, mai tafiya a jere kamar ayari. Yana ƙarawa da fara da gara da ƙananan ƙadangaru. Saboda haka in ka ga bishiya gizaka ta cinye mata ganye, ka ɗan dakata a wurin.

Ƙaurarsa ba hanya ɗaya ba ce, shi ya sa bayaninta ke rikita mai koyo. Akwai waɗanda ke haihuwa a Fotugal da Sifaniya da kudancin Faransa da Italiya, da gabas kuma a Turkiyya da Saifurus da Isra'ila har zuwa Iraƙi da Iran. Waɗannan sammako gare su. Tun a watan Fabrairu da Maris, sanyi bai gama sakin Turai ba, sun isa Sifaniya, domin su riski masu sheƙar da za su ajiye wa ƙwai. Da yake ba su da raino a wuyansu, manyan kan juyo tun a tsakiyar shekara, wajen Yuni da Yuli, su bar yaran a hannun masu riƙo. Yaran su biyo baya daga bisani, ba uwa ba uba, ba wanda ya nuna musu hanya, su ƙetare teku da Sahara. Wannan abu har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi. Masu bincike a Sifaniya sun ɗaura wa wasu manya 'yar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, suka ga sun sauka a yammacin Sahel. Kaɗan daga cikinsu kuma ba sa ƙetarewa, a kudancin Sifaniya da Maroko suke cinye sanyin.

Akwai kuma waɗanda a Afirka ake haihuwarsu, a Afirka suke rayuwa, daga Senegal zuwa Somaliya. Su ma ba sa zama wuri guda, suna kai-komo gwargwadon damina da rani. Kashi na uku su ne masu gangarawa kudancin nahiyar, Namibiya da Botswana da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, su haihu a can lokacin zafinsu da ruwansu, daga wajen Satumba zuwa Maris, sannan su komo arewa. Ma'anar wannan ga mai kallo a dajin Afirka ta Yamma ita ce, wanda ka gani shiru-shiru da hunturu zai iya zama baƙo daga Turai, wanda kuma ka ji yana ihu kusa da sheƙar hankaka ɗan gida ne. Da ido ba a raba su, kamanninsu ɗaya.

Bi hankaka

Nan ne dabarar take. Shekarun da na yi ina neman tsuntsun nan sun koya mini cewa wanda ya shiga daji yana duba kowace bishiya zai gaji a banza. Nemi mai masaukinsa, shi zai kai ka. A Afirka babban mai masaukinsa hankaka ne mai farin ƙirji, sai wasu tsuntsaye masu baƙin gashi mai sheƙi da ke sheƙa cikin kogon itace ko ramin gaɓa. A Sifaniya ya fi ɗora wa magfai, wani ɗan'uwan hankaka mai baƙi da fari da doguwar wutsiya, sai baƙin hankakan Turai. A Masar da Isra'ila hankakan can mai toka a baya ne ke ɗaukar nauyin. Tun a 1977 wasu masana biyu, Mundy da Cook, suka wallafa abin da suka gani bayan sun bibiyi sheƙunan hankaki a arewacin Nijeriya, inda kukun nan ke zuba ƙwansa.

Saboda haka ka lura da lokacin da hankaki suka fara ɗaukar ƙirare a baki. Bi su da ido har ka ga inda suke kaiwa. Sheƙar hankaka ba ta ɓuya, tarin ƙirare ce a can ƙololuwar doguwar bishiya, ko kan giginya, ko kan ƙarfen wutar lantarki da na sadarwa. In ka same ta, nemi inuwa nesa kaɗan, inda hankakin ba za su damu da kai ba, ka zauna da madubin hangen nesa. Daga fitowar rana zuwa hantsi ya fi, sai kuma la'asar sakaliya. Ka riƙa komawa bayan kwana biyu ko uku.

Abin da za ka iya gani, in Allah Ya sa ka dace, aikin haɗin baki ne. Namijin kuku yakan fito fili yana ihu yana shawagi kusa da sheƙar, har masu gida su fusata su bi shi. Kafin su dawo macen ta silale ta saka ƙwanta cikin 'yan daƙiƙu ta ɓace. Ƙwan shuɗi-shuɗi ne mai ɗan kore da ɗige-ɗigen ruwan ƙasa, ya yi kama da na masu gida, sai dai bai kai na hankaka girma ba. Ba abin mamaki ba ne a tarar da ƙwan kuku biyu ko fiye a sheƙa ɗaya. Nasa kan ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu, na hankaka kuwa sai kwana 18 zuwa 19, ka ga baƙo ya riga 'yan gida buɗe baki.

A nan ya sha bamban da kukun Turai, wanda ɗansa ke tura ƙwai da 'ya'yan masu gida waje tun yana tsirara ido a rufe. Ɗan wannan ba ya jefar da kowa. Roƙo kawai ya fi su iyawa, da saurin girma. A sheƙar magfai, da yake jikinsu kusan ɗaya, sau da yawa 'yan gida yunwa ke kashe su. A ta hankaka kuwa, 'ya'yan hankaka manya ne, wasunsu kan rayu tare da baƙon. Shi yakan bar sheƙa bayan kamar mako uku, su kuwa sai sun haura wata. Wannan tazarar ita ce damarka mafi kyau, domin a lokacin ne za ka ga yaron a kan reshe kusa da sheƙa yana ta roƙo, hankaki na ta jigila, kamar yadda na gani a karon farko.

Mutane kan tambaye ni me ya sa hankaka, da duk wayonsa, bai jefar da baƙon ƙwai ba. Bincike biyu daga Sifaniya sun ba da haske. A 1995 Manuel Soler na Jami'ar Granada da abokan aikinsa sun nuna cewa sheƙar magfai da aka cire wa ƙwan kuku ta fi fuskantar ɓarna, alamar kukun na dawowa ya yi ramuwa a kan wanda ya ƙi riƙo. A 2014 kuma Daniela Canestrari da abokan aikinta, bayan shekara 16 suna bibiyar baƙin hankaka a arewacin ƙasar, suka gano cewa ɗan kuku in an taɓa shi yana sakin wani baƙin ruwa mai ɗoyi, wanda ke korar kyanwa da tsuntsaye masu farauta. A shekarun da maɓarnata suka yi yawa, sheƙar da ke da baƙo ta fi tsira. Ni wannan na biyun ya sauya mini kallon da nake wa tsuntsun. Ashe riƙon ba kullum ne asara ba.

Roƙona gare ka, kada ka hau bishiyar don leƙa sheƙa. Hankaki kan yi watsi da ƙwai in an matsa musu, kuma hawanka na nuna wa maɓarnata hanya. Kada ka yi ta kunna muryarsa a waya don ka janyo shi, sau ɗaya ma ya isa in ya zama dole. In ka tsinci yaron a ƙasa ko a ƙaramin reshe yana kuka, ba maraya ba ne, masu riƙonsa na kusa suna jiran ka matsa.

Abin da ya kamata ka yi shi ne rubutu. Kwanan wata, wuri, irin itatuwan wurin, babba ne mai furfurar tukku ko yaro mai baƙin kai, yana kuka ko shiru, in yaro ne wane tsuntsu ke ciyar da shi, kuma su nawa ne. In ka ɗora kyamarar waya a bakin madubin hangen nesa za ka samu hoton da zai isa shaida, ko da bai fito tas ba, muddin ɗige-ɗigen da wuyan sun fito. Sai ka saka a shafin eBird na intanet, inda masu nazarin ƙaurar tsuntsaye ke ɗiban bayanai. Ka ci gaba da zuwa wurin har ranar da ka tarar hankaki sun koma harkarsu, reshen ba kowa. Ita ma wannan ranar ka rubuta ta, domin ita ce ke nuna lokacin da yaron ya kama hanya.